Shekarar da Na Fitar da Fetur Daga Zauren Baba

Balki, ke ce babba, don haka da ke zan yi, ƙannenki su saurara. Ranar sunan ɗanki na ji da kunnena wani cikin dangi yana gaya wa mijinki wai ni na kashe zauren Baba, na kwashe masa mutane na bar tsoho shi kaɗai da ƙudaje. Ban tanka ba, ranar suna ba ranar shari'a ba ce. Amma maganar ta tsaya mini a wuya, kuma na lura ku ma da ita kuka tashi a kunne. To, rabinta gaskiya ce. Ɗaya rabin nake so in rubuta muku tun idona yana ganin layi.

Kun san gidanmu na Gummi. Katanga ta zagaye shi kaf, ƙofa ɗaya ce tal, ita ce zauren. Ta nan amarya ke shiga, ta nan gawa ke fita, akuya ma in ta tsinke ta nan take bi. A cikin zauren nan kakanku ya yi rayuwarsa yana gyaran keke, da kwanon ruwansa na neman huji, da famfo, da gwangwanin sholisho. Sai dai ba keke kaɗai ke kawo mutane ba. Baba mutum ne mai baki, in ya buɗe shi wanda ya kawo faci sai ya manta da kasuwar da za shi. Tun hantsi zauren yake cika, wasu ma ba su da keke, ba su taɓa hawa ba, hira ce ke kawo su. Da yanar ido ta fara rufe masa gani, babura kuma suka fara korar kekuna, sai ya tura ni Anka in koyi gyaran inji, ya ce kada zauren ya rasa mai riƙe sifana.

Ubangidana a Anka mutumin Bukkuyum ne, ana ce masa Mamman Mai Tabo. Hannunsa na dama tun daga wuyan hannu har gwiwa fatar ta tattare kamar ganda, kuma ba ya ɓoye shi, hannun riga a naɗe kullum. Ranar da na fara zuwa bai ba ni ko tsumma ba, sai ya zaunar da ni gaban wani kwano mai ɗan fetur a ciki.

"Mi ka cin wuta nan ciki," ya ce, "ruwan ko warin?"

Na ce ruwan mana.

"Ashe ba ka san shi ba. Warin nan da kaka ji, shi na mugun. Yana hita daga kwano, ya sauka ƙasa, ya yi ta rarrahe har ya ishe wuta inda take zaune. Ni ma ban sani ba sai da anka rubuta mani ga hannu."

Mutumin nan akwai faɗa, Allah Ya jiƙansa. In ya ga ka sa tiyo a baki za ka zuƙo mai daga tanki, kafin ka zuƙa mari ya riga ka. In ka kai hannu cikin inji ba ka cire hular fulogi ba, sai ya tambaye ka wane yatsa ne ka gaji da shi. Ba a tada inji a garejinsa cikin ɗaki, ko ruwan sama ake kamar da bakin ƙwarya, ya ce hayaƙin salansa ba ya sallama kafin ya kwantar da mutum. Inji mai zafi kuwa ba a ba shi mai, ko mai shi zai yi kuka. Kowace dirka ta rumfar akwai bokitin yashi a gindinta, har muna yi masa tsiya a ɓoye cewa da yashi zai aurar da ɗiyansa. A lokacin ina ganin tsanani ne kawai irin na masu gida. Yau duk sallar da na yi sai na sa shi a addu'a.

Da na dawo gida aka yi mini aure da uwarku, na ce wa Baba gara in kafa rumfa a waje, don aikin fetur ba aikin keke ba ne. Ya juyo da fuska wajena, ya kira ni da sunan da ya laƙaba mini tun dawowata.

"Ɗan Anka, zauren da ya cishe ku, ya tuhatar da ku, yau shi na bai yi ba?"

Me ɗa zai ce? Na shigar da kayan aikina. Na yi iya abin da zan iya: inji a waje nake tada shi cikin lungu, jarkar mai a rufe take koyaushe, bokitin yashi yana bayan ƙyaure. Kuma gaskiya zauren ya sake rayuwa. Shekarun nan ne injin ban ruwa ya cika fadamarmu, masu noman rani suka riƙa ɗauko su a kan jaki da amalanke, ga masu injin markaɗe, ga masu janareta. Baba yana kan buzunsa a tsakiya, ba ya ganin kowa sosai amma yana gane kowa da tari, yana raba musu tsiya daidai wa daida. Ban taɓa ganinsa cikin jin daɗi irin na lokacin ba.

Abu ɗaya ne ya hana ni sakat, shi ne Inna, mahaifiyata. Inna ba ta yarda da ashana ba, ta ce kayan ragwaye ce. In wutarta ta mutu sai ta ɗauki tsingaro ta shiga maƙwabta ta ɗebo garwashi, kamar yadda ta ga uwarta na yi. Ni dai na san ba wutar kaɗai ke kai ta ba, ƙawarta ce a can, kuma ɗibar wutar Inna ba irin ta karin magana ba ce, sai ta ji labarin unguwa kaf sannan ta taso. Hanyarta ta dawowa kuwa ita ce dai zauren. Muka yi da ita cewa duk sanda ta zo da wuta ta tsaya daga waje ta yi kira, in rufe abin rufewa sannan ta wuce. Ta riƙe alkawarin, tana yi tana mita.

Ranar da abin ya faru da hantsi ne. Ina lungu na tada wani injin ina sauraren muryarsa. Wani manomi da ruwa ya shiga tankin injinsa ya gaji da jira, ya ce bari ya rage mini aiki, ya tuntsurar da tankin cikin kwanon Baba na neman huji, a tsakiyar zaure, fetur kwano guda a buɗe. Inna ta ce ta yi kira har ta gaji, na kuma yarda, ƙarar inji ce ta haɗiye muryarta. Ni dai juyowa na yi na ga bayanta tana shiga zauren, ke Balki kina goye, kanki na lilo, wani siririn hayaƙi na bin ta daga tsingaro. A daidai nan warin ya bugi hancina.

Ban san yadda na tsallake injin ba. Na dai ga kaina na fizge tsingaron daga hannunta, garwashin ya zubo mini a tafi, na damƙe shi na fito da gudu, ban buɗe hannu ba sai a tsakiyar lungu. Wannan shi ne tabon da kuke tambayata kuna ƙanana ina ce muku salansa ce. Inna ta tsaya tana salati, ke kina tsala kuka, Baba kuma yana zaune dab da kwanon yana tambayar mi ya faru, mi ya faru.

Uwarku ce ta ɗaure mini hannun. Mace ce mai kunya, a shekarun nan da ƙyar take haɗa ido da ni, amma ranar ta yi magana kanta a sunkuye.

"Ni ban san aikinku ba, Malam. Abin da ni sani, in wuta ta tashi ga zaure, ni da ɗiyata ba mu da hiffike."

Bayan magariba na zauna da Baba kan tuwo kamar kullum, kwano ɗaya muke ci tun ina yaro. Na gaya masa zan fitar da aikin. Ya ce ai Allah Ya tsare. Na ce Ya tsare, Baba, amma Ya nuna mana. Ya ce to a hana Inna ɗibar wuta. Na ce in an hana Inna, wa zai hana mai taba, wa zai hana yarinyar da aka aiko da fitila, wa zai hana tartsatsin fulogi? Gida ne mai ƙofa ɗaya, kuma mun ajiye wuta a bakinta. Na san abin da ke ransa, shi ma ya san na sani: in aikin ya fita, mutane za su bi shi. Amma kakanku ba mutumin da zai buɗe baki ya ce kada a bar shi shi kaɗai ba ne. Sai ya tsame hannu daga kwanon.

"Tahi. Zaure ba ya bin kowa."

Daga ranar ya ce a riƙa zuba masa nasa daban.

Na kafa rumfata a bakin gari kan hanyar fadama, ƙarƙashin wata tsamiya. Tsofaffin kwanuka a sama, ko'ina a buɗe, sai gefen yamma da na kare da zana saboda rana. Na haƙa rami nesa da rumfar na ajiye jarkokin mai a ciki da murfi, na jera bokitan yashi irin na ubangidana. Mutanen gari suka sa mata suna garejin mai tsoron wuta. Tsiya dai suka yi, amma suka zo, don ta fi musu kusa da gonaki. Zauren kuwa ya bushe. 'Yan hira sun ɗan riƙa leƙawa da farko, amma hira tana son abin kallo da wanda za a yi wa dariya, sai suka zame ɗaya bayan ɗaya suka dawo gindin tsamiyata.

Wannan shi ne rabin da danginku suke faɗa, kuma ba su yi ƙarya ba. Nakan dawo da azahar in same shi a kan buzu, ya karkata kunne wajen ƙofa, in ya ji takun mutum a lungu sai ya gyara zama ya share murya, takun ya wuce. In na gaishe shi ya amsa a gajarce, babu Ɗan Anka, babu tsiya. Wallahi gara mini ya zage ni. Na roƙe shi ya riƙa bina rumfa, ya ce shi ba ɗan gudun hijira ba ne. Ya rame, bakin nan nasa ya mutu, kuma ni na jawo. Sau da yawa na tsaya a gindin tsamiya ina cewa anya ban yi wauta ba, in mayar da kayan mana a huta. Sai in dubi tafin hannuna. Inna ma ba ta sake ɗibar wuta ba ko da aikin ya fita, ta karɓi ashanar da na sayo mata tana zagin wanda ya ƙirƙiro ta, kuma duk sanda ta goya ki sai na ga ta kai hannu baya ta taɓa ƙafarki.

Haka muka ci damina, muka ci kaka, rani ya sake zagayowa. Wata rana wani mai albasa ya kawo injinsa, hankalinsa duk a tashe, ya ce albasarsa na can ta sunkuyar da kai don ƙishi. Na gyara masa kafireto, na tada injin na bar shi ya yi ta aiki har na gamsu, na kashe. Na ce masa ya bari ya huce kafin a zuba mai, na zagaya bayan tsamiya in yi alwala. Bawan Allah ya ga kamar ɓata masa lokaci nake, ya zaro kwalbar fetur daga buhunsa ya hau ɗurawa ba ko mazurari. Man ya malalo kan salansa. Ina wanke ƙafa na ji fuu! Shi kuma don ruɗewa ya yi jifa da kwalbar, ta faɗa gindin zana.

Jama'a suka watse, kowa ya bi inda fuskarsa ta duba, kuma ko'ina hanya ce. Wasu suka rugo da butoci za su watsa ruwa, na yi ta ihu kada a zuba, ruwa ɗaukar fetur yake ya kai shi gaba, yashi, yashi! Muka binne injin da yashi ya mutu. Amma zana ta riga ta kama, ta ba dirkoki, ta ba busasshiyar ciyawar da ke kewaye, kafin mu juyo kwanukan sun rufto. Janaretan wani ya ƙone ƙurmus, kayan aikina suka yi baƙi ƙirin. Ramin jarkoki ko ɗumi bai ji ba. Rai kuwa ko na kaza ba a rasa ba, sai rabin gemun mai albasa, wanda har ya koma ga Allah ana tambayarsa ina ya baro ɗaya rabin.

Bayan la'asar ina tsugune cikin toka ina tsintar sifanoni, sai na ji mutane sun yi tsit. Na ɗaga kai na ga Inna a gaba riƙe da kan sanda, Baba a baya riƙe da gindinta. Ranar ce ya fara taka wurin. Bai yi mini jaje ba, bai ma nemi inda nake ba. Ya tuɓe takalmansa, ya riƙa laluben ƙasa da tafin ƙafa har ya ji inda ciyawa ta ƙare toka ta fara. Daga nan ya miƙe ya ratsa ƙunar yana taku ɗaya ɗaya, leɓensa na motsi yana ƙirgawa, har ƙafarsa ta sake jin ciyawa.

"Nan ta tsaya?"

"Nan ta tsaya, Baba."

"Kuma ga hili buɗe."

Ya sa takalmansa ya ce wa Inna su koma. Na bi su a baya, ban san abin da yake nufi ba. Da muka isa gida ya tsaya a bakin ƙofar zaure ta waje, ya saki sandar, ya sake tuɓe takalmi, ya fara taku irin na ɗazu. Ya wuce inda buzunsa yake. Ya wuce ƙofar ciki. Ya shiga tsakar gida, ya wuce madafa, ya wuce turken awaki, leɓensa na ta motsi. Inda ya tsaya cak shi ne ƙofar ɗakin uwarku.

Ku 'yan yanzu ba za ku gane nauyin wannan ba. Tun da aka kawo uwarku gidan nan, Baba bai taɓa taka wannan ɓangaren ba, suruki ba ya zuwa ƙofar matar ɗansa. Tana ganinsa ta ja mayafi ta faɗa ɗaki. Ke kuwa ba ki san kunya ba tukuna, kin fara tafiya, kika fito kina tangaɗi kika rungume ƙafarsa. Ya sunkuya yana laluben kanki.

"Amaryata," ya ce, "ashe har nan."

Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Bai ce na yi daidai ba, ni ma ban jira ya ce ba. Amma bayan magariba ina zaune da kwanona a gefe, sai na ji ya turo nasa har ya bugi gwiwata.

"Ɗan Anka, miyar ga ta yi mani yawa. Matso."

Na matsa. Hawaye ya hana ni ganin lomar, na gode wa Allah da Baba ba ya gani.

Da muka sake kafa rumfar, babu zana wannan karon, shi ya ce in ɗauko masa buzunsa. Ya zaɓi gindin tsamiya ta inda iska ke fitowa, ya zauna, 'yan hirarsa suka kewaye shi, bakin ya dawo har ya fi na da. Ashe kuma na samu mai gadi, don hancin kakanku ya fi idon mutum goma. Ana tsakiyar labari sai ya katse ya ce wane ɗan banza ne ya buɗe fetur bai rufe ba. In mai gaggawa ya matsa a zuba wa inji mai da zafinsa, ba ni nake amsawa ba, Baba ne zai tambaye shi ko ya gaji da gemunsa. A gindin tsamiyar nan ya ƙare shekarunsa, ni nake kai shi da safe, ni nake dawo da shi. Bayan rasuwarsa, lokacin da injinan niƙa dutsen zinari suka riƙa zuwa mini daga wajen Anka da Bukkuyum caɓe da ƙurar dutsen nan mai gubar dalma, a can nake wanke su, a can nake tuɓe kayan aiki in yi wanka kafin in nufo gida. Da a zaure nake, da a kan hanyarku ta shiga da fita zan kakkaɓe su.

Don haka in na zauna lissafin waɗanda nake yi wa godiya bayan Allah, suna da yawa. Mamman Mai Tabo da ya biya da hannunsa ya ba ni kyauta. Uwarku da ta danne kunya ta yi magana sau ɗaya a inda ya dace. Inna da ta haƙura da ashana. Har mai albasa, Allah Ya gafarta masa, don ba domin gaggawarsa ba da ni da Baba mun rabu a kwano biyu. Shi kuwa Baba, na gode masa da ya je da ƙafarsa ya auna, bai tsaya kan fushinsa ba, ga shi tsoho, ga shi uba, babu mai iya tilasta shi.

Zauren dai bai sake cika ba har yau, wannan gaskiya ne, kuma in na wuce ta ciki na ga inda buzun yake a da, raina yakan sosu. Amma ta cikinsa aka fitar da ke amarya, ta cikinsa kika shigo mana da ɗanki a kafaɗa. Saboda haka, Balki, in wani ya sake ce miki ubanki ya kashe zauren kakanki, kada ki yi musu da shi. Ki tsayar da shi a bakin ƙofa, ki ce ya tuɓe takalmi ya taka har ƙofar ɗakin uwarki. Ba nisa.